Riwayar Ƙarfe

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da ma'abota hankali, tun daga malaman usulu har zuwa alƙalan da ke zaune suna sauraron masu ƙara, akwai wannan: mutumin da bai ga abu da idonsa ba, kuma ba shi da halin ya je ya gani, alhali kuwa tilas ne ya yanke hukunci nan take, a kan wane irin labari ya halatta ya dogara, kuma wane gwargwadon shakka ya kamata ya sa tsakaninsa da mai ba shi labarin? Tambaya ce wadda ba ta tsufa, domin galibin abin da ɗan Adam ya sani ji ya yi, kuma da zai ƙi motsawa sai ya sami yaƙini irin na gani da ido, da ba a yi ciniki ba, da ba a ɗaura aure ba, da ba a ɗauki azumi ba. Mazauninta na asali zauren karatu ne, amma a birnin Alƙahira tana da wani mazauni na biyu wanda ba kowa ke lura da shi ba, shi ne garejin masu gyaran mota.

A gefen arewa maso gabas na birnin, wajen Madinatus Salam, akwai unguwar Hirafiyyin, inda garejoji da shagunan kayan gyara suka jeru layi bayan layi, injunan da aka kwanto daga motocin ƙasashen waje suna jibge a ƙofar kowane shago, baƙin mai ya rine ƙasa; wanda bai sami abin da yake nema a nan ba kuwa sai ya gangara kasuwar Taufiƙiyya a tsakiyar gari. Masarawa ba mutane ba ne masu saurin yar da mota. Kamfanin Nasr, wanda aka kafa a 1960 da masana'antarsa a Helwan, ya yi shekaru masu yawa yana harhaɗa Fiat 128 da Shahin, har gobe kuma ana ganinsu a kan titi. Samari masu sha'awar gudu sukan sayi injin zamani su dasa shi a cikin tsohuwar mota, sai ƙwaƙwalwar da masana'anta ta yi wa injin ta turje, domin tana neman sauran gaɓoɓin motarta ta asali ba ta same su ba. To a nan ne ake sayo wata kwamfutar daban, irin su Haltech ko Link ko MegaSquirt, wadda takan zo fayau, ba ta san komai ba game da injin da za a ɗora ta a kansa, sai abin da bakanike ya sanar da ita. Wanda ya bar ƙwaƙwalwar masana'anta a inda take muƙallidi ne, yana bin hukuncin injiniyoyin da suka riga shi bincike, kuma babu aibi a cikin haka. Amma wanda ya cire ta ya sa wata, lalle ya shiga fagen ijtihadi, ko ya sani ko bai sani ba, kuma nauyin kowane kuskure ya dawo wuyansa.

Kada mai karatu ya ga kamar an wulaƙanta ilimi da aka kawo shi ƙofar gareji. Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, yana cikin manyan malaman Malikiyya da Alƙahira ta taɓa fitarwa, kuma shi da kansa ya ba da labarin cewa ya ƙera wata na'ura mai nuna sa'o'in dare, wadda a jikinta akwai siffar zaki da idanunsa ke sake launi duk sa'a. Hannun da ya rubuta Alfuruƙ bai ji ƙyamar taɓa ƙarfe ba.

Ga yadda al'amarin yake. A cikin kowace silinda fistin yana yin tafiya huɗu kafin aiki ya cika: ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf yana juyawa sau biyu a cikin wannan, wato daraja 720, kamshaf mai buɗe bawul kuwa sau ɗaya. Rayuwar injin duka ta rataya ne a kan lokacin ba da wutar nan, wanda yake zuwa darajoji kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan ta makara ƙarfi ya zube injin ya yi zafi, idan kuwa ta yi gaggawa fiye da kima sai ƙonewar ta yi karo da fistin yana kan hawa, a ji ƙwanƙwasa, wadda idan ta dawwama takan huda kan fistin. Injin silinda huɗu mai juyi 6,000 a minti yana bukatar wuta sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowace daraja guda ta juyin karanshaf tana wucewa a cikin kashi ɗaya bisa 36,000 na daƙiƙa. Kwamfutar da aka ɗora wa wannan hukunci kuwa makauniya ce, tana rufe a cikin akwati ƙarƙashin kujera, ba ta taɓa ganin fistin ba kuma ba za ta taɓa ganinsa ba. Duk abin da ta sani, wani ne ya ruwaito mata.

Mai riwayar shi ne sansar karanshaf. An ɗaura wa karanshaf wani faifan ƙarfe mai haƙora, sansa tana tsaye kusa da bakinsa, tsakaninsu bai fi milimita guda ba, duk haƙorin da ya wuce sai ta aika da bugu ɗaya ta cikin waya. Faifan da Bosch ya yaɗa an raba shi gida 60, kowane gida daraja 6, amma haƙora 58 ne kawai, an bar gurbin biyu babu komai. Na Ford kuwa gida 36 ne, an cire ɗaya. Hikimar wannan giɓi ta cancanci a tsaya a kanta. Haƙora 58 ɗin nan kamarsu ɗaya, kowanne yana faɗin abin da ɗan'uwansa ya faɗa, saboda haka suna iya sanar da kwamfuta saurin juyi, amma ba za su iya gaya mata inda aka kwana ba. Wurin da babu haƙori shi ne ke ba da wannan labari. Kuma kwamfuta ba ta ganin giɓin, istinbaɗinsa take yi: tana auna tazarar lokaci tsakanin kowane bugu da mai bi masa, idan ta ga wata tazara ta ninka 'yan'uwanta kusan sau uku, sai ta hukunta cewa nan ne giɓi, ta fara ƙidaya daga ɗaya. Malaman usulu sun san wannan hanya ta kafa hujja, domin sun ce al'amarin da a bisa al'ada jama'a da yawa za su ruwaito shi da ya auku, idan aka ji shiru daga kowa sai mutum guda, shirun nan dalili ne a kan cewa bai auku ba. Sai dai shiru ba ya zama hujja face ga wanda ya san al'adar mai magana. Idan batir ya yi sanyi, kik yana jan injin da ƙyar, karanshaf yakan yi nawa duk sa'ad da fistin ya zo matsa iska, har tazarar haƙora biyu na gaskiya ta yi tsawon da za ta yi kama da giɓi; kwamfutar da ba a daidaita ta ba sai ta ɗauki gajiya a matsayin alama, ta ba da wuta a inda ba a ba da ita.

Ibn Hajar Al'asƙalani, wanda ya yi rayuwarsa a Alƙahira ya rasu a cikinta a 1449, ya tattara sharuɗɗan ingancin labari a cikin Nukhbatul Fikar, kuma ɗaliban hadisi na Kano da Sakkwato sun haddace su: isnadi ya kasance a haɗe, mai riwaya ya kasance adali, ya kasance mai kiyayewa, labarin kada ya saɓa wa na waɗanda suka fi shi ƙarfi, kuma kada ya kasance da wata ɓoyayyiyar illa. Wanda ya zauna ya ga yadda ake saita wannan sansa zai ga sharuɗɗan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kira sunansu ba, amma wanda ya fi ɗaukar lokacin bakanike shi ne wanda ya fi ɗaukar lokacin malaman jarhi da ta'adili, wato ina za a sa haddin karɓa.

Sansa iri biyu ce. Akwai mai waya uku, wadda ke aiki da abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879, ita bugunta ɗaya ne ko injin yana rarrafe ko yana gudu. Akwai kuma mai waya biyu, wadda ba komai ba ce face maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, bisa ƙa'idar da Faraday ya bayyana a Ingila a 1831. Wannan ita ke haifar da nata lantarkin, kuma ƙarfin muryarta yana bin saurin faifan. Lokacin tayar da inji, yana juyi wajen 200 a minti, abin da take fitarwa wani lokaci ba ya kai bolt ɗaya. Idan gudu ya yi gudu kuwa sai ya kai gomomi. Wayar da ke ɗauke da wannan saƙo tana ratsawa ta unguwa mai yawan hayaniya, ga kwayil yana harba dubban bolt, ga kik yana zuƙar wuta, ga altaneta, kowannensu yana jefa nasa ɗan bugun a cikin wayar, wanda ba haƙori ba ne amma yana kama da haƙori. Saboda haka sai bakanike ya gaya wa kwamfuta: kada ki saurari komai sai ya haura kaza. Idan ya sa haddin ƙasa ƙwarai, sai ta ƙidaya hayaniyar kwayil a cikin haƙora, ta sami 59 ko 60 inda ya kamata ta sami 58, lissafi ya rushe, injin ya yi tari ya yanke. Idan ya kai shi sama ƙwarai domin tsoron hayaniya, sai raunanan bugun lokacin tayarwa, waɗanda gaskiya ne tsantsa, su kasa haurawa, a yi ta murza makulli mota ta ƙi tashi, alhali babu abin da ya lalace a jikinta.

Malaman hadisi sun san waɗannan ramuka biyu da sunayensu, sassauci da tsanantawa. An zargi Alhakim na Naisabur da cewa ya inganta abin da bai kai ba a cikin Almustadrak, an kuma zargi Ibnul Jauzi na Bagadaza da cewa ya jefa hadisan da ke da asali a cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai, har Jalaluddin Assuyuɗi, wanda ya ƙare kwanakinsa a tsibirin Rauda na Kogin Nilu a 1505, ya bi bayansa yana tsamo su. A ganina mutanenmu sun fi jin tsoron ramin farko, suna ɗaukar mai tsanantawa a matsayin mai tsentseni wanda ko ya yi kuskure bai yi hasara ba; garejin kuwa yana nuna cewa hasararsa daidai take da ta ɗan'uwansa, domin motar da ta ƙi tashi da wadda ta mutu a hanya duk ba su kai kowa gida ba. Haka kuma matatar da ake sa wa saƙon domin ta tace hayaniya: kowane ƙarin tacewa yana jawo ɗan jinkiri, wanda ba a jinsa a ƙaramin gudu, amma a babban gudu sai ya zama darajoji, wuta ta riƙa makara. Shakka ma tana da farashi, kuma da lokaci ake biyansa. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su rubuta jadawali, haddi ya yi ƙasa lokacin da sansa ke magana da rauni, ya riƙa hawa gwargwadon yadda muryarta da hayaniyar da ke kewaye da ita suke hawa, ta yadda kullum yana sama da hayaniya kuma yana ƙasa da gaskiya.

Akwai wata ƙa'ida kuma wadda ba ta duban ƙarfin bugu, lokacinsa take duba. Ƙarfe mai nauyi ba ya ninka saurinsa tsakanin haƙori da haƙori, don haka idan bugu ya zo da wuri ƙwarai fiye da yadda zai yiwu, kwamfuta takan yar da shi komai ƙarfinsa. Wannan shi ne ra'ayin Taƙiyyuddin Assubki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1355, game da ganin wata: idan hisabi yankakke ya nuna cewa ganin jinjirin wata mustahili ne a wannan dare, to ba a karɓar shaidar wanda ya ce ya gani, ba don an ƙaryata shi ba, sai don an ɗauka idonsa ne ya ruɗe shi. Darul Ifta ta Masar, wadda aka kafa a 1895, tana tura kwamitocin duban wata da suka haɗa malaman shari'a da masana falaki tare. Mu da muka sha ganin gari ɗaya ya yi Salla biyu mun san cewa wannan ba mas'alar takarda ba ce.

Amma ko da sansar karanshaf ta cika kowane sharaɗi, akwai abin da ba ta da ikon faɗa. Fistin na ɗaya yana zuwa ƙololuwa sau biyu a cikin zagaye guda, sau ɗaya yana matsa iska, sau ɗaya yana korar hayaƙi, kuma a wurin faifan karanshaf duka biyun kamarsu ɗaya. Sai an kawo shaida na biyu, wato sansar kamshaf, wadda ke magana sau ɗaya tak a cikin daraja 720, ta ce wannan hawan na matsawa ne. Idan babu ita, akwai mafita irin ta ihtiyaɗi: a ba silinda biyu wuta tare, mai matsawa ta ƙone, mai korar hayaƙi tata wutar ta tafi a banza ba tare da cutarwa ba. Duk wanda ya karanta Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda shi ma a wannan birni aka rubuta shi a ƙarni na 14, zai tuna hukuncin mutumin da ya manta salla ɗaya bai san ko wacce ba ce, aka ce ya rama biyar ɗin duka domin ya fita daga shakka. Hanya ce ingantacciya, motoci da yawa sun yi shekaru a kanta, amma tana gajiyar da kwayil, kuma ba ta ba da damar a auna wa kowace silinda fetur ɗinta a lokacinta. Shi ma shaida na biyun yana da nasa sharaɗin: tilas bugunsa ya faɗo nesa da gefen haƙorin da ake gwada shi da shi, domin sarƙar taimin ko bel yana da ɗan sako-sako, idan aka sa su dab da juna sai yau ya riga haƙorin gobe ya biyo bayansa, shaidar ta zama mai kai-kawo.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Na tsaya wata rana a wani gareji a Hirafiyyin, an gama dasa inji, ya tashi yana kaɗawa lafiya, allon kwamfutar da ke kan kujera yana nuna wuta tana zuwa daraja 10 kafin ƙololuwa, babu kuskure ko ɗaya a ƙidaya. Duk da haka usta, wato babban bakaniken garejin, bai rufe bonet ba. Ya umurci kwamfutar ta kafe a kan 10, ya goge fulin karanshaf da tsumma, ya ja layin farin alli a kan alamar da ke jikinsa, ya maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya. Fitilar nan tana walƙawa ne daidai lokacin da fulogi ya ba da wuta, sai layin allin ya bayyana kamar a tsaye cik ko da yake fulin yana juyawa. Ya ce wa yaronsa, "Kai yaro, taka mata a hankali, kada ka saki sai na ce." Da juyi ya hau sai muka ga layin yana zamewa gefe, alhali allon bai fasa cewa 10 ba. Na ce, "Usta, ai kwamfutar ta ce daidai ne." Ya ce, "Ya Shehi, abin da take zato take gaya maka." An juya wayoyin sansar ne, ta hagu ta koma dama, sai kwamfuta ta riƙa karanta igiyar saƙon ta gefen da ba shi da tabbas, kuma ba ta da wata hanya ta gane haka daga cikin akwatinta.

Wannan shi ne jahilci murakkabi, mutum bai sani ba kuma bai san bai sani ba. Sansa ba ta yi ƙarya ba, isnadi bai yanke ba, ƙidaya ta cika 58 a kowane juyi, kowane sashe na labarin yana gaskata ɗan'uwansa, amma duk ginin ya goce daga haƙiƙa. Illa ce ɓoyayyiya wadda ba a gano ta da ƙara duban labarin, sai an fita wajensa an dubi ƙarfen kansa. Alhasan ibnul Haisam, wanda ya zauna kusa da masallacin Azhar yana kwafar littattafai don abin da zai ci har ya rasu wajen 1040, a kan wannan ya gina Kitabul Manazir: bai yarda natsuwar zuciya ta zama dalili ba, ko da maganar Baɗlimus ce, sai an kafa gwaji an gani. Natsuwar da mutum ke ji game da abin da ya gaskata labari ne game da zuciyarsa, kuma allon kwamfutar nan ma natsattse ne.

Wajibi ne a faɗi inda kamancen ya tsaya, don kada a wuce gona da iri. Sansa ba ta da niyya, tana kuskure amma ba ta ha'inci, saboda haka babin adalcin mai riwaya, wanda shi ne rabin ilimin rijalu, bai shafe ta ba. Kuma abin da wahayi ya zo da shi ba a haska shi da fitilar taimin. Sai dai akwai fuska guda da na'urar ta fi mu, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Haddinta yana hawa yana sauka ne bisa halin mai riwaya da yawan hayaniya, bai san daɗin labari ko ɗacinsa ba, domin babu haƙorin da take so babu wanda take ƙi. Namu haddin kuwa son zuciya ke murza shi. Saƙo ya shigo waya yana aibanta malamin wata ɗariƙa ko wata ƙungiya wadda ba tamu ba, ba sunan mai faɗa ba ranar aukuwa, sai mu sauke haddin har ƙasa mu tura wa mutum ɗari kafin shayi ya huce. Irin wannan saƙon ya zo game da namu malamin, da shaidu da hujja, sai mu ɗaga shi inda ko mutawatiri ba zai haura ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma ambaci dalili, wato kada a cuci waɗansu mutane cikin rashin sani, kuma ba ta keɓe labarin da ya yi mana daɗi ba.

Kwamfutocin nan suna da wani ɗan gurbi inda suke ƙidaya sau nawa lissafin haƙora ya ɓace musu, kuma a nan ake gane bakanike mai amana. Wanda ke gaggawar karɓar kuɗinsa yakan ƙara tacewa ya ɗaga haddi har adadin ya tsaya a sifiri, mai mota ya tafi da murna, hayaniyar kuwa tana nan a cikin wayar tana jiran ranar da batir zai yi sanyi. Ustan da na gani bai taɓa jadawalin ba tukuna. Ya gyara wayoyin da aka juya, ya janye su daga kusa da kwayil, ya sake su da waya mai rigar ƙarfe wadda ya ɗaure rigar a gefen kwamfuta kaɗai, ya auna tazarar sansa da faifai, sa'an nan ya sake haska fitila daga ƙaramin juyi har zuwa babba. Da layin allin ya tsaya a wuri ɗaya, ya saki makullin da ya sa wa taimin, ya ce wa mai motar ya dawo da ita da sassafe kafin injin ya yi zafi, domin yana so ya ga yadda za ta tashi a sanyi.